Nomau da Wutar da Ke Cikin Mataji

A wani ƙauye na ƙasar Malumfashi an yi wani mutum, Nomau. Ya haura talatin, amma abin da aka faɗa masa haka yake ɗaukarsa, ba ragi ba ƙari. Iyayensu sun daɗe da rasuwa, sai yayarsa Larai mai kitso ke riƙe da shi. Ita ta yi ta roƙo har aka ɗauke shi shara a makarantar garin. Hedimasta Maikano ya ce gwaji ne na wata guda, in ya yi shirme a koma da shi gida. Larai kuwa ƙarfinta ya fara ƙarewa.

Wata rana yana shara, ya ga Malam Ishaya mai koyar da kimiyya ya goga biro a gashinsa, biron ya tsinci gutsattsarin takarda. Nomau ya jingine tsintsiya.

"Malam, wa ya kira su?"

"Akwai wasu 'yan mitsi-mitsi cikin kowane abu, ana ce musu ilaktaron. In an goga, sai su yi ƙaura daga gashi su koma biro. Biro ya ƙaru, gashi ya ragu."

Da ya koma gida ya tarar Larai na taje kan matar liman. Ya durƙusa a gefe ya ce, "Inna, ki yi haƙuri, Yaya na kwashe miki abin da ke cikin kanki." Matar ta ɗaura ɗankwali ta fita da rabin kitso.

Wata rana ya tambayi Malam, "Su waɗannan 'yan ƙaurar, mene ne aikinsu?"

"Ai su ne wutar lantarki. Mataji ma in ya sha guga, da wuta a jikinsa."

Ran nan Larai ta ce ya hura mata wuta. Ya tattara matajanta bakwai, ya goga kowanne a kansa, ya jera su a murhu, ya ɗora tukunya. Tun azahar yake hurawa har la'asar. Da ta dawo ya ce, "Yaya, wutar tana nan, kunya take ji." Larai ta zauna bakin murhu, ta fara zare matajanta ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana ya sake tare Malam. "In sun taru a jikin mutum fa?"

"Sai su jira. Ranar da ya taɓa ƙarfe su yi tsalle, su bi ta ciki su shige ƙasa."

A harabar makarantar Nomau ya haƙa rami har gwiwa yana neman inda suke sauka. Akuyar mai gadi ta faɗa ciki. Hedimasta ya ce saura kuskure ɗaya.

Wata rana da rani aka kawo duron fetur na janareta, aka buɗe shi. Hedimasta ya ce, "Nomau, tsaya nan. Kada ka bar kowa ya matso da wuta." Ya shiga mota ya tafi. Da ya dawo, ya zamo daga kujerar da ke lulluɓe da leda, rigarsa ta roba na manne masa a jiki, ya nufi duron. Nomau ya sha gabansa.

"Ranka ya daɗe, da wuta a jikinka."

"Ni? Kauce mini."

"Kai ka ce kowa."

Nomau ya kama hannun rigarsa ya ja shi zuwa ƙyauren ƙarfe na makarantar. Hedimasta ya miƙa hannu zai dafa, sai ga ɗan tartsatsi, tas, tsakanin yatsarsa da ƙarfen. Ya dubi yatsar. Ya waiwaya ya dubi bakin duron da tururi ke tashi. Malam Ishaya da ke tsaye ya cire tabarau ya goge a hankali.

Can Hedimasta ya gyara murya. "Ka gaya wa yayarka gwaji ya ƙare. Litinin ka zo da wuri."

Nomau bai ji ba. Ya riga ya durƙusa gindin ƙyauren, ya kara kunne a ƙasa.