Rakiya Matar Mushe

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da matan kasuwar Badaguishiri suka karrama depitenmu, wato ɗan majalisarmu. Har yau in na ji ana gwada lasifika, sai in canza hanya.

A cikin shekarun casa'in ne, lokacin da siyasar jam'iyyu ta shigo, kowa ya zama masanin dimokuraɗiyya. Ni kuwa mushe ne, wato malami, ina koyar da 'yan ajin ƙarshe a lakwal, makarantar boko ke nan, kuma ina ji da kaina ƙwarai. Ina da tabarau (idona lafiya lau, gilashin ado ne), ina da biro uku a aljihun gaba, kuma ko goro zan saya sai na jefa wa mai goron faransanci.

Depiten dai ya yi abin yabo. Ya tsaya a majalisa a Yamai ya yi ta magana a kan mata masu sana'a, har aka gina musu rumfuna a kasuwa, aka kawo musu injin niƙa. Sai ƙungiyar matan ta ce za ta shirya masa biki. Shugabarsu, Hajiya Tsahara, wata dattijuwa mai sayar da albasa, ta tako har lakwal ta same ni.

"Mushe, kai munka zaɓa ka yi jawabi. Kai kuma za ka kira sunayen matan da za su miƙa kyauta."

"Duk garin nan sai ni, Hajiya?" na ce, ina neman a ƙara mini.

"Ai babu wanda abin ya dace da shi kamar kai," ta ce, tana kallon gefe.

Na ɗauka yabo ne.

A nan dole in faɗa muku wani abu. Shekara biyu kafin wannan, matata Rakiya ta roƙe ni in bar ta ta riƙa sayar da kauɗa, wato busasshen tumatir. Na ce sam. Matar mushe a kasuwa tana ciniki da direbobi? Me mutane za su ce? Ta ce to, ba ta sake ta da maganar ba. Sai dai ba a jima ba gwaggonta da ke zaune bayan kasuwa ta kamu da wani mugun ciwon ƙafa, Rakiya ta riƙa zuwa jinya kullum da hantsi. Ni har yabonta nake yi a gaban abokai, ina cewa na auri mai zumunci. Nama kuma ya yawaita a miyarmu, na ce iya tsarin gida ne irin nawa.

Sati biyu na yi ina rubuta jawabi. In rubuta, in duƙunƙune, in jefar, in sake. Na sa kalmomin faransancin da ni kaina sai na duba ƙamus.

Ranar biki aka kafa rumfa a filin kasuwa. An ce depite zai iso ƙarfe goma, ya iso bayan azahar, aka yi ta guɗa kamar ya zo da wuri. Manyan gari suka zauna a gaba, mata suka cika fili har bakin hanya. Aka miƙa mini lasifika.

Na fara da faransanci. Minti goma ina zuba, babu wanda ya motsa sai wata akuya. Da na ga haka sai na juya Hausa, nan take fili ya farka. Tafin farko ya shiga kaina, na ninke takarda na sa aljihu, na shiga abin da ban rubuta ba.

"Jama'a, akwai wasu maza a garin nan, na san su, da ke kulle matansu a gida su hana su sana'a! Wai don girman kai! Irin wannan namiji, ko ya yi karatu, jahili ne!"

Wayyo, ku zo ku ga mata. Wasu na tafi, wasu na riƙe ciki, wata har ta zauna ƙasa. Na ce a raina, yau na kama su. Sai na ƙara wuta.

"Ya kamata a kamo shi a tsayar da shi a tsakiyar kasuwar nan, kowa ya gan shi!"

"An tsayar, Mushe, an tsayar!" in ji wata daga baya. (Ko wannan ban gane ba. Na ɗaga mata hannu ma.)

Sai Hajiya Tsahara ta miƙo mini takardar sunaye. Na kira ta farko, ta kawo buhun albasa. Ta biyu ta kawo man gyaɗa. Na gyara tabarau na ci gaba da murya mai kauri.

"Ta uku, wadda ta fi kowa aika kauɗa Konni, wadda direbobi ke layi a rumfarta, ita ce Rakiya matar..."

Bakina ya riga idona. "Matar Mushe" ta fita ta lasifika, ta kai har tasha.

Na tsaya ina lissafa malaman lakwal ɗinmu, ko akwai wani mai Rakiya. Babu. Sai ga ta ta keto taro da ƙunshi a ka, sanye da atamfar da ban san da ita ba. A bayanta kuwa gwaggo ce, mai ciwon ƙafar nan, tana taka rawa tana juyi, ƙura na tashi.

Depite ya miƙe ya kama hannuna ya ɗaga sama.

"Ga namiji abin koyi! Mushe, faɗa wa mazan garin nan yadda ka taimaka wa iyalinka har ta kai haka."

Na buɗe baki. Hausa ta gudu, faransanci ya bi ta. Abin da ya fito kawai shi ne, "To... wato... ranka ya daɗe..."

Hajiya Tsahara ta karɓe lasifikar. "Ranka shi daɗe, taimakonshi babba ne. Shekara biyu bai taɓa zuwa duba ƙahwar gwaggo ba. Da ya zo sau guda, da sana'a ta mutu."

Fili ya kece. Depite ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Da ya kwance ƙunshin kyautar kuma, sai ga kauɗar an naɗe ta da takardun jawabina da na jefar. Ya warware ɗaya, ya karanta layi biyu da ƙarfi, ya ce ai wannan ya fi wanda na karanta daɗi. Na roƙi Allah ƙasa ta tsage, ba ta tsage ba.

Da la'asar na koma gida na zauna a tsakar gida, na haɗa rai, ina jiran ta. Ta shigo ta ajiye mini ruwa.

"Rakiya, ashe haka za ki yi mini?"

"Ka yi haƙuri, maigida. In ka ce in bari, yau ɗin nan na bari." Sannan ta ƙara da cewa, "Sai dai gari duka ya ji abin da ka ce a yi wa mai hanawa."

Na sha ruwan. Can na tambaye ta ko rumfar tata ba ta yoyo da damina. Ta ce tana yi kaɗan. Ranar Lahadi ni na hau na gyara kwanon, mata na wucewa suna yi mini sannu da aiki da wata irin murya.

Abin da na koya shi ne, in za ka tsaya gaban jama'a ka zagi wasu maza, fara tambaya a gida ko kana cikinsu. In kuma ka ga mata na yi maka tafin da ya wuce kima, dakata ka bincika da wa ake.