Ranar da na durƙusa wa katako

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar da surukina ya leƙo ni daga cikin katako ba. Jikana ne ya tono mini ita kwanan baya, da ya zo yana nuna mini na'urar da ke ƙona zane a jikin itace da tsinin haske, wai leza. Na ce masa yaro, ni na ga zane ya fito ba hannu tun ubanka yana goye.

Lokacin muna haya a bayan masana'antun Sharada, farkon shekarun tamanin. Malam, maigidana, yana aiki a wani kamfanin gadaje da kujeru, sashen gogar katako. Ƙurar wurin ta sa masa tari, har ba ya iya jan doguwar sura a sallah. Burinsa a mayar da shi sashen zane, inda ake ƙona furanni a allon gado. Shugaban sashen, wani dattijo mutumin Filato da ake kira Baba Gyang, ya ba shi katako guda ya ce gwaji ne: in ya yi kyau ya dawo wurinsa, in ya lalace ya ci gaba da shaƙar ƙura.

Na dai gan shi ranar Lahadi yana shafa wa katakon wani ruwa garai-garai da ɗan buroshi, yana leƙen wani abu a tafin hannunsa. Ya bushe, ko ɗigo babu. (Ni a zatona wanke shi yake, har na ce a raina wannan wankin akwai rowar ruwa.) Ya jingina shi bayan ƙofa ya ce sai ya ƙara shan iska. "Kada a taɓa." Malam ke nan, magana kamar ana auna masa da cokali.

Washegari da hantsi kowa ya tafi aiki, gidan ya rage daga ni sai ɗan goyona. Hadari ya haɗo, gari ya yi duhu kamar magariba, iska sai kashe mini wuta take. Na ɗauko katakon na kare murhu da shi. Ai tsayuwa kawai zai yi, in ji ni.

Ina fifita wuta sai na ji ƙauri mai ɗan zaƙi-zaƙi. Iska ta ɗauke ɗif. Ba ka jin komai sai gurnanin injuna daga nesa, kamar nishin mara lafiya. Na ɗaga kai.

Ido ne a jikin katakon. Ido ɗaya, yana kallona.

Ina gani gira ta fito a samansa, a hankali, kamar wani na turo fuska daga ciki. Sai tsagar kumatu. Sai rabin gemu. Baba ne, mahaifin Malam, wanda aka binne a ƙauye shekara guda kafin nan.

Kun san me na yi? Ban gudu ba. Na gyara ɗankwali, na tuɓe takalmi, na durƙusa.

"Baba, ina kwananku? Kun... kun zo lafiya?"

Sai na ga gefen leɓe ya fara bayyana. Da na tuna baki in ya gama fitowa magana zai yi, na ƙwalla ihun da ya shigo da Inna Tabawa, tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu. Ta same ni a durƙushe, ta dubi katakon, ta ja salati.

"Ba ke yake nema ba, 'yar nan. Ɗansa yake nema. Tashi mu kai shi."

Muka naɗe shi a sallaya. Ni da ko kasuwa ba na zuwa, ga ni a titin Sharada ba takalmi, rungume da surukina, ina ba shi haƙuri duk inda na yi tuntuɓe. Muka isa ana hutun cin abinci, ma'aikata cike da bakin ƙofa. Na ce wa maigadi, da ƙarfi kuwa, "Ku kira mini Malam, mahaifinsa ya zo!"

Malam ya fito fari fat da ƙura. Ya buɗe sallayar. Na jira ya zube, sai na ji ya ce, "Wa ya kai shi wuta?"

Baba Gyang ya matso. Ya ɗauki guntun katako ya ja 'yan layuka da irin ruwan nan, ya kanga masa harshen wuta. Fure ya fito baƙi ƙirin. Ashe ruwan sinadari ne, ba a ganinsa sai ya ji zafi, kuma a gaban Baba Gyang aka shirya za a gasa na Malam. Abin da Malam yake leƙe a tafin hannu kuwa, ɗan hoton Baba ne.

Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki. Malam dai kansa a ƙasa, yana tari. Gindin katakon ya babbake, fuska rabi. Na san na gama da mijina.

"'Yata," in ji Baba Gyang, "da kika gan shi me kika yi?"

Inna Tabawa ta riga ni. "Durƙusawa ta yi tana gaishe shi! Har da kun zo lafiya!"

Na so ƙasa ta tsage. Baba Gyang ya daɗe yana kallon idon nan, sannan ya kira sunan Malam (ba zai fito daga bakina ba). "Rabin fuskar mahaifinka, amma surukarsa ta gane shi har ta tuɓe takalmi. Wane gwaji kuma ya rage? Gobe ka zo sashena."

Shekara da shekaru, duk ma'aikacin da ya zo gidanmu sai ya ce, "Uwargida, ya Baba? Ya koma lafiya?"

Abin da na koya: in miskilin miji ya ce kada a taɓa, ki tsare shi sai ya faɗa miki me zai fito. Malam ya so ya ƙarasa gasa ɗaya rabin, na hana. Sinadari ne, na sani sarai. Amma ban ga dalilin da za a ƙarasa masa bakin nan ba.