Takalman Cocin Kaka Cleophus

"Lafiya lau. Amma tun da na ga gaisuwar yau har da rusunawa, na san akwai abin da zan rasa."

Haka tsoho Cleophus Tibbs ya amsa wa jikansa Renard, yana zaune a barandar gidansa da ke Detroit, yana goge takalmansa na zuwa coci. Baƙaƙe ne masu tsinin baki, sai ƙyalli suke. Su ɗin kuwa Renard ya zo nema, tsohon ma ya sani sarai, don uwar saurayin ta riga ta tsegunta masa ta waya.

'Yan fim ne suka sauka a zauren wasan takalmin taya na unguwar. Fim ɗin soyayya suke ɗauka, irin na kiɗan disko da fitilu masu juyawa, kuma ranar Asabar suna son samari da 'yan mata su zagaya bibbiyu a bayan jarumai. Sai dai sun ce ba mai shiga da takalmin haya, wannan mai ruwan ƙasa da lamba a dunduniya. A unguwar kuwa duk mai ji da kansa takalmin kwalliya yake kai wa mai gyara, a huda ƙasan, a ɗaura tayoyi. Renard ba shi da irinsa. Ga Vernetta, yarinyar da ya daɗe yana lallaɓawa, ta faɗa masa ƙarara cewa in ya zo da na haya, hannun abokin takararsa Otis za ta riƙe. Maganar nan ta hana shi sakat.

"Kaka, ina kai ina takalmi mai tsini? Daga kujerar gida sai bencin coci. Ni tausayinsu nake ji, ba su taɓa ganin duniya ba."

"Sun ga duniya tun uwarka ba ta da haƙori. Da su na yi rawar da ta sa kakarka ta bar mai mota ta biyo ni a ƙafa."

"Ita kuwa cewa ta yi yatsunta ka tattake har ta kasa gudu."

"Allah ya ji ƙanta, ba ta taɓa ba da labari daidai ba."

Tsohon ya ce ai ya taɓa leƙawa zauren ya ga wasan Renard, kamar an saki akuya a kan ƙanƙara. Renard ya ce ranar ma tsohon ba da tabarau ya zo ba, ginshiƙi ya yi ta ɗaga wa hannu. Ya ƙara da cewa alfarma ya zo yi masa, don ta haka ne kawai wani abu nasa zai shiga fim.

"Wannan kam gaskiya ne," in ji Cleophus. "Duk mai hankali in ya dubi fuskarka, ƙasa zai mayar da kyamara."

"Gadonka na yi, tsoho. Har kunnuwan."

"To, gado ya tsaya a kunne." Ya hura wa takalmin iska, ya ci gaba da gogewa. "Waɗannan da su za a binne ni. Na faɗa wa fasto, na faɗa wa uwarka."

Renard bai san da wannan ba, kuma kunya ta kama shi sosai. Ya miƙe yana kakkaɓe wando, ya ce ba komai, bari ya je ya taya Otis murna.

Har ya sauka daga baranda tsohon ya tambaye shi ko yarinyar ta kai a huda mata takalmi. Renard bai juyo ba, ya ce ta kai, wallahi ta wuce.

Cleophus ya tuntsire da dariya har da tari. Ya haɗa igiyoyin ya ƙulle, ya jefa masa takalman a ƙirji.

"Ungo, ɗan nema. A cocinmu rabin akwatin gawa ake buɗewa, daga ƙirji zuwa sama. Ko da silifas aka sa ni ba wanda zai sani."

Renard ya rungume su.

"Amma in ka ji za ka faɗi, ka faɗi ta fuska," in ji tsohon. "Ita ba abin da zai ƙara lalacewa. Takalman nan kuwa fata ce mai kyau."