Tifa Uku na Jar Ƙasa a Lambun Alice

Yau da safe na je sayen alayyahu wajen maƙwabciyata Madam Alice, na dawo da takarda. Alayyahu dai babu, ya ƙone tun bai kai tsawon yatsa ba. Takardar kuwa sakamakon gwaji ce daga masu girma masana, suna taya mu murna: ƙasarmu lafiya lau take.

Ga wanda bai san mu ba, a hanyar Karshi muke, bayan wani kamfanin dafa kwalta. Kwaltar ba ta taɓa hawa titinmu ba, amma tsakani da Allah ba a hana mu rabonmu. Hayaƙi yana sauka a kan shanya da kokon yara. Gangunan da suka huje suna tsiyaya a gindin katanga. Direbobi suna wanke bayan tifa da dizal don kada kwalta ta manne. In ruwan sama ya sauko, sai ya tattara duka ya kai lambun Alice, wanda da shi take ciyar da 'ya'ya huɗu.

Shekara biyu tana kai kuka. Rannan aka ce manya za su zo su ɗebi ƙasa su auna. In an samu mai a ciki, dole kamfani ya gina magudana.

Nan fa Malam Yamusa, shugaban unguwarmu, ya tara mu. "Jama'a, baƙonka annabinka. Oga guda zai shigo da farin takalmi, mu bar shi ya taka wannan baƙin caɓi? A ce ba mu da tarbiyya?"

Ni na fara cewa gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. Muka roƙi kamfani jar ƙasa. Mutanen da ko ruwan tanki ba su taɓa sam mana ba, kafin la'asar sun juye mana tifa uku kyauta, har da godiya. Ko a nan ba mu farga ba. Muka baje ta a duk inda ya yi baƙi, Alice ce a gaba da shebur.

Washegari Mai Girma Sarkin Awo ya iso da motoci bakwai. Na'urar haƙa kuwa, aka ce tana ofis, mai makullin ya tafi taron bita. Sai Ranka-ya-daɗe ya sa aka wanke cokalin da ya ci shinkafarmu da shi, ya kankari sama-sama, ya zuba a leda, aka ɗauki hoto.

A lokacin ne Alice ta gane. "Oga, abeg, ka tona small. Baƙin yana ciki, wannan jiya muka zuba shi."

"Madam," in ji shi, "mu abin da muka tarar muke aunawa. Kuma unguwarku ta burge ni, very neat."

Yamusa har da cewa mun gode.

Yanzu rahoto ya ce babu buƙatar magudana, ya kuma shawarci manoman yankin su rungumi dabarun zamani. Ba na zagin masana. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Alice ta cusa yatsa a ƙasa, ta zaro shi baƙi ƙirin, yana warin gareji. Ta ce, "Maƙwabci, da hannuna na rufe shi." Abin ya yi mini ciwo, don nawa hannun ma yana ciki.

Ni dai na tsaya bakin lambun na karanta rahoton da ƙarfi, sau biyu, ko alayyahun zai ji cewa lafiyarsa ƙalau. Da alama bai yi boko ba.