Hasashen Dakta Na-Uku

Duk wanda ya ce babu manyan mutane a layinmu na Toledo, nan Amurka, to bai taɓa ganin Dakta Lucius T. Hargrove na Uku yana fitowa daga mota ba. Ko ƙofar mota ba ya rufewa irin ta sauran jama'a. Sai ya gyara kwat, ya taɓa laktaye, ya dubi sama kamar mai jiran tafi, sannan ya tura ƙofar da yatsu biyu. Motar ta haya ce, amma wannan ba ya cikin abin da yake so a sani.

Na san mahaifinsa, marigayi Otis mai gyaran famfo. Na san kakansa, shi kuma Booker ne. Babu Lucius na ɗaya, babu na biyu. Shi dai ya wayi gari ya ga mutum kamarsa ya fi ƙarfin farawa daga ɗaya. Digirin dakta kuwa ta gidan waya ya iso, bayan karatun mako shida da dala ɗari huɗu. A bayan idonsa Na-Uku muke ce masa. A gabansa Dakta, domin in ka manta zai dakatar da magana ya tuna maka.

Shagonsa bango ɗaya da nawa, inda nake yankan makullai da gyaran takalma, kuma bangon nan ko atishawa ba ya tarewa. Daga Janairu zuwa Afrilu sunan shagon Cibiyar Hargrove ta Dabarun Haraji da Bunƙasa Dukiya. Sauran watanni takwas ɗin, Cibiyar tana sayar da rigar waya da turare.

Da aka kawo dokar nan ta kowa ya yanki inshorar lafiya ko ya biya tara, ai sai kakar Na-Uku ta yanke saƙa. Tsarin ba wani mai wuya ba ne. Za ka faɗi abin da kake zaton za ka samu a shekara mai zuwa, gwamnati ta dubi hasashenka ta riƙa biya maka wani kaso na kuɗin inshorar duk wata. Lokacin haraji a ajiye hasashe nan, gaskiya nan, a gwada. Amma abu mai sauƙi ba ya kawo kuɗi, saboda haka Dakta ya nemi a ba shi minti biyar bayan sujada a cocinmu. Ya ci arba'in.

"'Yan'uwa maza da mata," in ji shi, yana riƙe da wuyan kwat, "dokar nan shafi dubu biyu ce da ɗoriya. Na karanta ta sau uku. Mutum shida ne suka fahimce ta a ƙasar nan, biyu sun yi ritaya. Mu masu samun dala dubu ɗari da ashirin a shekara, tallafi bai shafe mu ba, mu ne ma muke biya muku. Amma ba zan ga 'yan'uwana cikin duhu in yi shiru ba. Sirrin kalma biyu ne: rubuta kaɗan. Ka rubuta kaɗan, su ba ka da yawa. Hasashe ne fa, ba rantsuwa ba. Wa aka taɓa kamawa don ya yi hasashe?"

Wata tsohuwa ta ce amin. Ya karɓi amin ɗin da ɗan sunkuyawa, kamar an miƙa masa lambar yabo.

Dala dubu ɗari da ashirin ɗin nan mun sha jin ta har mun haddace. In ya sayi kofi sai ta fito. In ya kawo mini takalmi a sa masa dunduniya, sai ya ce mutumin da ke samun dubu ɗari da ashirin bai kamata ya tsaya gyara ba, don dai a taimaki ƙananan 'yan kasuwa ne. Sannan ya nemi ragi.

Cikin waɗanda suka bi shi shago har da Mis Odessa Pruitt. Shekararta sittin da ɗaya, tana dafa abinci a wani ƙaramin gidan abinci kwana biyar, Asabar da Lahadi kuma tana jinyar wani tsoho a gidansa. Matar kirki ce, ga barkwanci, sai dai ba ta dariya sai ta sa hannu ta rufe baki. Haƙoranta sun zube, saura 'yan ƙalilan, inshorar kuwa babu ruwanta da haƙoran manya. Shekara uku tana tara kuɗi, ta haɗa dala dubu shida da ɗari biyar, likitan haƙori ya ba ta rana a watan Mayu. Jikarta za ta yi aure a Agusta, kuma Mis Odessa ta rantse a hoton bikin nan da bakinta a buɗe za ta fito.

Ta gaya wa Dakta tana samun wajen dubu arba'in da biyar. Ya yi murmushin tausayi, ya rubuta talatin, ya karɓi dala hamsin kuɗin shawara.

Shekara ta zagayo. A watan Maris, saura wata biyu ranar likitan haƙorin, ta dawo da takardunta cikin ledar burodi. Ina goge wani takalmi na ji kwamfuta tana ƙara, na ji Dakta ya yi gyaran murya, sai shiru. Shirun Na-Uku abu ne da ba a saba ji ba, har na ajiye burushi.

Ashe a tsarin akwai wani layi. In kuɗin shigarka ya tsallake shi, ko da dala ɗaya ce, duk tallafin da aka biya maka a shekarar sai ka mayar. Mis Odessa ta karɓi ƙarin aiki a makon Kirsimeti don wata abokiyar aikinta ta samu zuwa ganin 'ya'yanta. Aikin nan ya tsallakar da ita layin da dala ɗari biyu da goma sha biyu. Abin da ake bin ta ya kusa dubu shida.

"Dakta, ba kai ka ce in rubuta kaɗan ba?"

"'Yar'uwa Odessa, na ce ki rubuta kaɗan. Ban ce ki samu da yawa ba. Ina laifina in kin kasa zama a gida ranar Kirsimeti kamar kowa? Wannan shi ne abin da mu masana muke kira rashin ladabin kuɗi. Ni da nake samun dubu ɗari da ashirin, kin san nawa nake biya ban yi kuka ba?"

"To babu wata dabara? Kuɗin haƙorana ne fa."

"Da akwai dabara, da ni na ƙirƙiro ta. Doka ta yi magana. Kuɗin aiki dala ɗari uku da hamsin, amma ke tamu ce, kawo ɗari uku da arba'in."

Wallahi raina ya ɓaci, har na ji kamar in ɗauki gudumar takalmi in shiga. Ta fito ta tsaya a ƙofar shagona tana kallon titi, ledar burodi a hannu. Ba kuka take ba, da ma kukan ne da ya fi sauƙin gani. Ta ce, "Brother Amos, ka ga ba sai na sayi jan baki ba ke nan."

Na ce kada ta sa hannu a komai. Ranar Asabar akwai masu cika takardun haraji kyauta a ɗakin ƙasa na laburare, ni zan kai ta. Na-Uku ya jiyo mu, ya leƙo.

"Laburare! Wajen kakannin nan masu saƙa? Ki je. Mai ciwon zuciya ma yana iya kai kansa wajen mai aski. Ni ko a mafarki ba a ganina a ɗakin ƙasa."

Asabar ƙarfe tara muna can, Mis Odessa ta nemi wata ta riƙe mata tsohon da take jinya. Kujerun roba, kofi mai ɗanɗanon kwali, mutum kusan talatin kowa da lambarsa, rabinsu 'yan cocinmu. Aka kira mu teburin Misis Dombrowski, tsohuwar akanta mai shekara saba'in da takwas, da rigar sanyi da ta saƙa da hannunta. Kunnenta ya yi nauyi, kuma irin mutanen nan ce da ke zaton kowa ma haka yake. In ta yi raɗa ana ji a wajen ajiye motoci.

Ta duba takardun minti huɗu. Ta ce, "WANE SAKARAI NE YA CE KI RUBUTA TALATIN?"

Mis Odessa ta ce wani masani ne.

"TO JI NAN, 'YAR NAN. KINA DA ASUSUN RITAYA? JE KI BANKI RANAR LITININ KI BUƊE, KI ZUBA DALA ƊARI BIYU DA HAMSIN, KI CE TA BARA CE. DOKA TA YARDA, MUDDIN BA A WUCE RANAR RUFE HARAJI BA. ZA A CIRE TA DAGA KUƊIN SHIGARKI, KI DAWO ƘASAN LAYI. KUƊIN KUMA NAKI NE, BA INDA ZA SU."

Sauran bayanin ta rubuta a takarda. Tunda an biya mata fiye da haƙƙinta saboda ƙaryar talatin ɗin, sai ta mayar da dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, amma ba dubu shida ba. Mis Odessa ta yi lissafi da yatsu. Dubu biyar za ta rage. Ta ce haƙoran sama dai za su samu, na ƙasa su jira baɗi, ai a hoto na sama ake gani. Na taya ta mayar da takardun cikin leda.

Muna shirin tashi aka kira lamba ta goma sha tara. Wani mutum ya taso daga bayan kantar littattafan yara, da hular sanyi har gira, da baƙin tabarau, da wata tsohuwar jaket. Ban gane fuskar ba. Takalmin na gane, ni na sa masa dunduniya.

Da ya gan mu sai ya tsaya cak. Amma Na-Uku ba ya rasa ta cewa. Ya cire tabarau, ya ɗaga murya yadda ɗaki zai ji.

"A'a, Brother Amos! 'Yar'uwa! Na zo duba ingancin aikin da ake yi a nan ne. Na kawo takardun wani bawan Allah, talaka ne tilis, ina taimaka masa kyauta. Amsar tana kaina. So nake in ga ko su ma sun sani."

Ya zauna, ya tura fayil, ya sa yatsa a leɓe yana yi wa Misis Dombrowski alamar ta yi a hankali. Ta ɗauka gaisuwa ce, ta gyaɗa masa kai.

"TO BARI MU GANI. MUTUMIN NAN YA YI HASASHEN DUBU ƊARI DA ASHIRIN, SAI BA A BA SHI TALLAFI KO SISI BA. YA BIYA INSHORA WATA UKU DA KUƊINSA, YA KASA, AKA YANKE SHI. WATA TARA BA SHI DA INSHORA, DON HAKA AKWAI TARA A KANSA. ABIN DA YA SAMU A SHEKARA KUWA, DUBU ASHIRIN DA ƊAYA DA ƊARI HUƊU. HAR DA TURAREN."

Wani ya ajiye kofinsa a hankali.

Dakta ya ce, "Madam, ai sirrin mai takardar ne..."

"DA YA FAƊI GASKIYA, DA KUSAN KYAUTA ZA A YI MASA INSHORAR SHEKARA GUDA. SHEKARA ARBA'IN INA AIKIN NAN, NA GA MASU RAGE KUƊI DON A TAIMAKE SU. YAU NA GA WANDA YA ƘARA DON KADA A TAIMAKE SHI. WA YAKE SO YA BURGE? KWAMFUTA?"

Gumi ya fara bin gefen hular sanyi. Dakta ya kai hannu zai ja fayil ɗinsa, ta dafe.

"TSAYA MANA, AKWAI LABARI MAI DAƊI. WATA UKUN DA YA BIYA, GWAMNATI ZA TA MAYAR MASA DA TALLAFINSA. IN AN CIRE TARA, ZAI TASHI DA WAJEN DALA DUBU. AMMA SAI SHI MAI TAKARDAR YA ZO DA KANSA, DA KATIN SHAIDARSA, YA SA HANNU A ƘARƘASHIN DUBU ASHIRIN DA ƊAYAN NAN. LUCIUS HARGROVE. KA SAN INDA YAKE?"

Nan fa aka shiga gwaji. Ga ƙofa a buɗe, taku goma. Ga dala dubu a kan tebur. Ya dubi ƙofa, ya dubi takarda, ya dubi 'yan coci, waɗanda duk suka zama masu sha'awar karanta silin. Na ba shi minti ɗaya a raina. Bai kai rabi ba ya zaro lasin tuƙi daga aljihu ya ajiye.

Misis Dombrowski ta ɗaga katin ta gwada da fuskarsa, ta miƙa masa biro.

"AU, KAI NE? TO SA HANNU NAN, ƊANA. YADDA YAKE A KATI. BABU DAKTA, BABU NA UKU."

Ya sa hannu, wannan karon da yatsu biyar.

Sai na ji wata irin dariya a gefena wadda ban taɓa ji ba, mai ƙarfi, har da buga cinya. Na juya. Mis Odessa ce, kanta a baya, hannayenta biyu riƙe da ledar burodi, bakinta a wangale, kowa na ganin giɓin, ko a jikinta.

Da ta samu numfashi ta share ido, ta dafa kafaɗarsa za ta wuce.

"Kada ka damu, Lucius," in ji ta. "Baɗi ka rubuta kaɗan."