Ƙasan Kifina

Ranar da maigidana ya kawo kifi daga dam ɗin Shagari, na shaida masa duk Boɗinga babu wadda ta kai ni iya gasawa. Na shafe kifin da yaji, na aza kan garwashi, na shiga ɗaukar hoto. Har turmi na hau don ya fito da kyau. Na tura wa dangi, yabo ya yi ta shigowa, ina ta amsawa.

Sai ga yayar mijina da kwanonta. Ta juya kifin, ƙasansa gawayi zalla.

Ta ce, "Amarya, hoton za mu ci?"

Har yau, ko hoton jaririna na tura, sai wani ya rubuto: "Masha Allah. Juya muna shi mu gani."