An Kira Eksalans

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, bayan sallar la'asar, a ƙofar gidan su Eksalans da ke Zangon Wagadugu. Waɗanda suka halarta sun haɗa da limamin unguwa, dattawan Zango, Kanawa masu shagunan shadda da atamfa, direbobin manyan motoci 'yan Nijar, da mata a cikin gida suna leƙe ta zaure. Sai ni, da wata lasifika mai lafiya wadda ta kai muryata har bakin titi. Na jero su ne don mai karatu ya san ba a ɓoye aka yi abin ba.

Ni ma'aikacin rediyo ne. Ina gabatar da shirin Hausa a wata tasha mai zaman kanta a nan Waga, kuma a Kano na koyi aikin, a hannun mutanen da in ka ce "wai" a cikin labarai sai sun tsare ka sun tambaye ka wa ya faɗa. Na dawo gida da Hausar da ta fi ƙarfin unguwarmu. A Zango mutum yakan fara magana da Hausa, ya ratsa ta Faransanci, ya sauka a yaren Mosi, kuma kowa ya gane shi sarai. Ni kuwa ban iya jin haka in yi shiru ba. (Matata ta taɓa ce mini in ina so a ci gaba da gayyatarmu biki, in daina gyara wa masu gayyatar magana.)

Eksalans ba sunansa ba ne, laƙabin aikinsa ne da ya bi shi har ya cinye sunan yanka. Ɗan Zango ne, ɗan mai sayar da goro, wanda ya yi nisa a boko lokacin da iyayenmu ke ɓoye yara daga makaranta. Ya yi jakada a ƙasashe da dama, ya dawo ya zama mashawarci kan harkokin waje, sannan da girma ya kama shi aka sake tura shi jakadanci. Ban taɓa ganinsa ido da ido ba. A hoto na san shi: kwat, laktaye, gilashi, yana miƙa wa wani babba hannu. Ta waya kuma mun yi magana sau da yawa, domin na yi shekara da shekaru ina binsa ya ba ni hira. Bai taɓa ce mini a'a ba, jakada ba ya faɗin wannan kalmar. A ƙarshe dai ya ce, "Ɗana, ranar da na dawo gida na rataye kwat, kai ne na farko."

Wannan alkawari na riƙe kamar takardar gida. Shugaban tasharmu ya daɗe yana cewa shirin Hausa ba ya kawo komai sai sanarwar suna da ta rasuwa, har ya fara maganar rage masa lokaci. Hirar Eksalans ce abin da nake so in ajiye masa a kan tebur ba tare da na ce uffan ba.

To, ranar Asabar ɗin da azahar sai ga wayar Nafisa. Abokiyar aikina ce, ita ke karanta labaran Faransanci, haifaffiyar Zango, kuma Eksalans kawunta ne.

"Yaya, ka ji labarin Kawu? An rappelé shi fa."

Na miƙe zaune. "Yaushe?"

"Shekaranjiya, haka kawai, ko mu ba mu yi zato ba. Da safen nan aka ɗauko shi daga filin jirgi. Kowa yana gida, ka zo."

"Allahu akbar. Ya matarsa Hajiya ta ɗauki abin?"

"Ta ɗan yi kuka, amma ta ce gara haka, ya huta."

A nan sai in tsaya in yi bayani, don a yi mini adalci. A Faransanci rappelé na nufin an kira mutum ya komo. In gwamnati ta janye jakadanta, da wannan kalmar ake faɗi. Amma a garin nan, duk sanarwar rasuwar da aka kawo tasha da Faransanci cewa take yi an rappelé wane zuwa ga Allah, kuma ni nake mayar da su Hausa kowane mako. Kunnena ya saba, da ya ji rabin farko sai ya ƙarasa sauran da kansa. Nafisa ba ta ce Allah ba. Ni na ƙara mata.

Abin da na fara ji, in faɗi gaskiya, ba tausayin Hajiya ba ne. Hirata na tuna. Bayan haka na ji haushin an kai shi makwancinsa da hantsi ba wanda ya sanar da ni. Sai daga baya na yi masa addu'a.

Duk da haka na bi ƙa'idar aiki. Na ce ba zan sa labari a iska ba sai na je na gani da idona. Na hau babur na nufi Zango, a hanya ina yaba wa kaina da wannan natsuwa.

Na kuwa gani. An kafa rumfa ta tare rabin layi, an jera kujerun roba, an shimfiɗa tabarmi, hayaƙin manyan tukwane yana tashi daga cikin gida. Liman yana zaune a tsakiya da carbi. Me kuma ɗan jarida yake nema? Aka miƙo mini kofin zom-kom, ruwan garin geron nan da ake tarbar wanda ya dawo daga tafiya da shi, na shanye ban tambayi kaina wane matafiyi ake tarba ba. Na lura wasu direbobi suna ƙyalƙyala dariya a gefe, na ce a raina Zango ta lalace, ko zaman makoki ba a iya ba.

Na durƙusa gaban Alhaji Sanusi, ƙanin Eksalans, mai shagon shadda.

"Baba Alhaji, ya haƙuri?"

"Da godiya, ɗana. Duniya ce, yau kana sama, gobe an sauke ka."

Na jinjina wannan tawakkali. (Shi sauke mutum daga muƙami yake nufi. Ni na ɗauka kabari.)

Sai ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ga mai rediyo ya zo. Shi ya san tarihin Yaya fiye da mu da muka sha nono ɗaya. A ba shi abin magana ya faɗa wa yaran nan ko wane ne Eksalans."

Da na ce a'a, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma shekarun da na yi ina shirya tambayoyin hira sun sa tarihin mutumin yana kaina tsaf, kuma na ga in hira ta kuɓuce, ai wannan ba za ta kuɓuce ba. Na karɓa, na gyara murya irin ta labaran ƙarfe takwas na dare.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Jama'a suka amsa. An ɗan kalli juna, amma rasa muƙami ma musiba ce, ba wanda ya ga laifi.

Na fara daga haihuwarsa a Zango, da tallar goron da ya yi wa mahaifinsa, da yadda ya riƙa tafiya makaranta a ƙasa ta unguwar Bilbalogo. Ana ta "haka ne, haka ne." Na shiga aikin jakadanci, na ce an fara tura shi ƙasashen Larabawa, daga nan Turai. Sai wani tsoho da ke zaune kusa da liman, cikin farar jallabiya, kai a aske, gemu fari fat, yana ɓare goro, ya ɗago ya ce a hankali, "Turai ce farko."

Na sauke abin magana kaɗan, ba sosai ba, na ce, "Baba, a yi haƙuri, na bincika."

Ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da cin goronsa.

Na ci gaba ni ma. Na yi bayanin shekarunsa na mashawarci, yadda ake cewa yakan shiga ɗakin da mutane biyu ba sa ga maciji, ya fito kowannensu yana ganin shi ya yi nasara. Na ce mutum ne da bai taɓa ɗaga murya ba, bai kuma taɓa faɗin abin da za a riƙe shi da shi ba. Aka yi dariya, tsohon nan ma ya murmusa. Daɗin maganata ya kama ni.

A Kano an koya mana cewa tarihin mutum ba ya cika sai an kawo ɓangare na biyu. Wannan darasi, wanda ba a taɓa nufin a yi amfani da shi a ƙofar gidan mutum ba, shi ya zo mini a lokacin. Na ce, "Sai dai kuma, jama'a, tarihi ba ya son kara. Akwai masu ganin cewa lokacin rusau, da aka kwashe rabin Zango da unguwar Kuluba aka watsa mutane bayan gari, yana kusa da masu yanke hukunci, kuma ba a ji muryarsa ba. Akwai masu tambaya har gobe yadda aka yi katafila ta tsaya daidai katangar wannan gida."

Wannan magana kowa ya san ta, an shekara ana yin ta a shagunan shayi, amma ba a taɓa yin ta da lasifika ba. Na hango Nafisa a bakin zaure tana kaɗa mini mayafi da hannu biyu. Na ce a raina, baiwar Allah, baƙin ciki ya ci ƙarfinta.

Sai na sassauta murya na rufe. "Amma yau ba ranar hisabi ba ce a wurinmu, hisabinsa yana hannun wanda ya kira shi. Marigayi ya tafi ya bar mata ɗaya da 'ya'ya da jikoki. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya sa can ta fi masa nan."

Wani dattijo mai nauyin ji ya ce "amin" shi kaɗai, da ƙarfi.

Tsohon mai farar jallabiya ya ajiye goronsa. Ya laluba aljihu ya ciro gilashi ya saka. Wallahi gilashin nan kaɗai ya isa. Ina ganinsa na ga kwat, na ga laktaye, na ga duk hotunan da na shekara ina kallo. Ya miƙo hannu, na ba shi abin magana kamar mai miƙa wuƙar da za a yanka shi da ita.

Ya ce, da muryar nan da na sani ta waya, "Na saurari sanarwar da ɗanmu ya bayar, kuma na gode. Sai dai har zuwa yanzu ba a sanar da ni a hukumance ba. Wanda ya kira ni minista ne. Idan akwai wani kira daga sama da shi, bai iso ba tukuna."

Rumfar ta fashe. Liman ya rufe fuska da rawani, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji Sanusi ya kwanta a jikin na kusa da shi. Wani direba ya ce a sake ba mai rediyo zom-kom, na farko bai kai masa kai ba.

Na zube a gabansa. Duk Hausar da na ɗebo daga Kano ta gudu, abin da ya rage mini guda ɗaya ne: "Ranka ya daɗe."

Ya ce, "Yanzu kuma?"

Da dariya ta lafa, ya kashe abin maganar, ya yi mini magana ƙasa-ƙasa, daga ni sai liman muke ji. "Turai ce farko, ka gyara. 'Ya'yan da jikokin daidai ne. Maganar rusau kuwa," ya ɗauki goronsa yana juya shi a hannu, "ka bar ta yadda ka faɗe ta. Ban yi magana ba a lokacin. Na yi zaton sai na mutu za a faɗa, ashe kuwa haka aka yi."

Ban san inda na samo ƙarfin hali ba, wataƙila wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron ruwa, na ce, "Ranka ya daɗe, to batun hirarmu fa?"

Ya dafa kafaɗata da tausasawa. "Ɗana, a duk ƙasashen da na zauna, ban ga inda mamaci ya ba da hira ba."

Wannan ita ce a'a ta farko da na ji daga bakinsa, kuma ko ita bai furta kalmar ba.

Na tashi na nemi babur ɗina. Sai da na tura shi har ƙarshen layi kafin na tuna ana iya tayar da shi. Nafisa ta biyo ni da gudu, tana dariya tana share hawaye.

"Yaya, ni na ce maka ya mutu?"

"Cewa kika yi an rappelé shi."

"To ai an rappelé shi! Kai da kake gyara mana Hausa, ba sai ka tambaya ba?"

Na tafi da ƙa'idar gani da ido, na kuwa gani, sai dai duk abin da na gani na riga na yanke masa ma'ana tun daga gida. Rumfar murna da ta makoki mai haya ɗaya ne yake kafa su. Abin da na koya bai fi tambaya guda ba: in aka ce maka an kira mutum, kafin ka buɗe baki ka tambaya wa ya kira shi.

Tun daga ranar, in na ratsa Zango na gaida dattawa a majalisa, sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Lafiya lau nake, mai rediyo, a shaida." Hirar kuwa an yi ta bayan 'yan watanni. Nafisa ce ta yi ta, da Faransanci, aka kuma sa ta a rabin lokacin da aka yanke daga shirin Hausa.